Ƙudajen Oga Zaka da Talotalon Maman Joy

Duk wanda ya taɓa zama a layin da ke bayan tashar Jabi ya san Zacharias, wanda ake kira Oga Zaka. In bai san fuskarsa ba, to ya san muryarsa. Masinja ne a wata ma'aikata, aikinsa ɗaukar fayil daga wannan ofis zuwa wancan, amma in ka ji shi a teburin mai shayi sai ka rantse shi ke ba minista shawara. Babu abin da bai iya ba. Ya taɓa gyara fankar ɗakinsu, tun daga ranar sama take hura iska, silin ke shan daɗi su suna zufa a ƙasa. Ya taɓa yi wa kansa aski don kada ya biya mai aski, sai da ya yi wata guda yana kwana da hula. Duk wannan ɓarna kuwa da sunan tattali yake yin ta. Kai, Allah Ya raba mu da wayon da bai nuna ba!

Matarsa Angelina, wadda kowa ke kira Maman Joy, mace ce mai haƙuri, amma akwai abu ɗaya da ba ta haɗa shi da kowa ba, wato talotalonta. Bara 'yarsu Joy ta kwanta asibiti har aka fara fid da rai. Angelina ta durƙusa a gaban ikkilisiya tana kuka, ta yi wa Ubangiji alkawari cewa in yarinyar ta tashi, za ta kiwata talotalo da hannunta ta kawo shi ranar bikin godiyar girbi. Joy ta tashi, har ta koma makarantar kwana. Angelina ta sayo ɗan talotalo ta shiga yi masa hidima, dusa, gero, ganyen latas, har da maganin mura. Ya girma ya zama ƙato, in ya baza jela a tsakar gida sai ya tare hanyar banɗaki. Matan zumunta na cocinsu kan biyo bayan taro don kawai su gan shi.

Ana nan, wata Asabar Oga Zaka ya je shan iska bakin tafkin Jabi, sai ya ga wani Bature yana wulwula fatsa a sama yana sakinta kan ruwa. Babu tana a ƙugiyar, babu hanjin kaza. Wani ɗan abu ne kawai da aka ɗaure da gashin tsuntsu da zare, ya yi kama da ƙwaro. Can sai ga karfasa ta cafke shi. Oga Zaka ya buɗe baki. Washegari bayan coci ya wuce Wuse, wani shagon da ake sayar da kayan kamun kifi, ya tambayi kuɗin abin nan mai kama da ƙwaro, wato ƙudan fatsa.

Da mai shago ya faɗi farashi, Oga Zaka ya dafe ƙirji ya ce, "Na dozin ko na ɗaya?"

"Na ɗaya, oga. Daga waje ake kawo shi."

"Gashin kaza da zare? Kai, ka ji tsoron Allah! Ni nan da kake gani, in na zauna, kafin shayi ya huce na ɗaura goma."

"To ka je ka zauna," in ji mai shago, ya ci gaba da danna wayarsa.

Da yamma a teburin mai shayi ya baje kolin shirinsa. Zai ɗaura ƙudajensa da kansa, gidansa ya daina sayen kifi har abada. Rarar kuma ya sayar wa masu farfesu. Nan da Kirsimeti sai firiza, daga nan sai kwale-kwale mai inji.

Maƙwabcinsa Nababa, direban tasi kore da fari, ya kurɓi shayi ya ce, "Oga Zaka, tana fa kyauta take. Ka tona bayan gidanku ka cika gwangwani."

"Ka ji matsalarku ke nan," in ji Oga Zaka. "Tana aikin ƙauye ce. Wannan sayens ne. Kifin Abuja ya waye, Malam Nababa, ba ya cin abin da bai da fasali."

"Au, har kifin ma ya zama ɗan boko?"

"Ka tsaya ka gani. Ranar godiya, ban da talotalon madam, da giwan ruwa zan shiga coci a kafaɗa."

Sai aka yi rashin sa'a, ko in ce talotalo ya yi rashin sa'a, aka bugo waya daga Zonkwa cewa tsohuwar Angelina ta faɗi ta gurɗe ƙafa. Dole ta tafi jinya. A bakin ƙofa, da jaka a hannu, ta juyo ta dube shi.

"Baban Joy, ga dusa nan, ga gero nan. Safe da yamma. Kada ka gyara masa komai. Ka ji ni? Ko ka ga kamar wani abu ya lalace a jikinsa, ka bar shi a lalace."

"Haba Maman Joy, kamar ba ki san wanda kike aure ba."

"Na sani," ta ce, "shi ya sa nake faɗa."

Ƙurar motarta ba ta kwanta ba ya ciro waya ya hau kallon bidiyon masu ɗaura ƙuda. Ya ga suna matse ƙugiya da wani ɗan ƙarfe siriri a kan tebur. Ya ce ai wannan bais ne, kuma a Apo bais ya fi araha. Ya ɗauki shatar tasin Nababa har ƙauyen makanikai na Apo, ya sayo tsohon bais irin wanda ake matse ƙarafan mota da shi, sai da ƙarti biyu suka ɗora shi a but ɗin motar. Da suka iso gida suka kinkimo shi da nishi suka dire kan teburin falo. Teburin ya ce ƙaras, ya rabu biyu, bais ya sauka ya fasa tayil.

Nababa ya share gumi ya ce, "To, an fara tattali."

"Dama teburin ya tsufa."

Ya sayo ƙugiyoyi kwali guda, manya-manya, don shi ba ya harka da ƙananan kifi. Ya sayo zare kala-kala a wajen masu kayan ɗinki. Ya kwashe jan farcen Angelina gaba ɗaya don liƙe ƙulli. Gashi kuwa ya je wajen masu figar kaji a kasuwa ya cika leda. Da ya buɗe ledar a falo, warin da ya tashi sai da matar maƙwabci ta leƙo ta taga tana tambaya ko masai ne ya fashe. Ya zubar, ya koma ga bidiyo. Nan ne fa ya ji Baturen ciki yana cewa babu gashin da ya kai na jelar talotalo.

Oga Zaka ya ɗaga kai a hankali. Ta ƙofar falo ya hango shi a tsakar gida, ya baza jela yana taƙama.

"Ɗaya tak," ya ce wa kansa. "Wa zai ƙirga?"

Shi dai talotalo bai yarda da wannan lissafi ba. Suka zaga tsakar gida, suka ture bokiti, suka shiga kicin suka fito. Oga Zaka ya samu gashinsa ɗaya, talotalo kuma ya samu fatar goshinsa. Ya liƙa filasta ya zauna gaban bais. Shayi ya huce, an sake dafa wani ya huce, rana ta faɗi, sannan ya gama ƙuda na farko. Ya ɗauko shi a tafin hannu ya kai wa Nababa.

Nababa ya ja baya. "Subhanallahi! Ɓera ka kashe?"

"Ƙuda ne."

"Wannan in ya sauka a kan tuwo ai da tuwon zai tashi."

Asabar ta zagayo, Oga Zaka ya isa bakin tafki da gorar fatsarsa da hular kaboyi. Ya zaɓi inda jama'a suka fi yawa, don a gani a koya. Ya wulwula fatsa kamar yadda ya ga Bature ya yi, ya saki. Shiru, babu abin da ya faɗa ruwa. Sai ihu daga baya. Wani ango ne da amaryarsa suna ɗaukar hoton kafin biki, ƙugiya ta sure hular angon ta rataye ta a reshen bishiya. Mai hoto kuwa ɗan banza bai daina ɗauka ba. Aka yi ta ba ango haƙuri, Oga Zaka ya biya wankin hula. A jifa na biyu ƙugiya ta kama bayan wandonsa, ya ja da ƙarfi yana zaton kifi ne, har ya ɗaga kansa da kansa. A na uku ƙuda ya samu shiga ruwa, ya ce tsulum kamar an jefa kwaɗon ƙofa, ya nutse bai ko waiwayo ba. Masunta da ke cikin kwale-kwale suka ajiye filafili suka zauna kallo, ɗaya har da ɓare gyaɗa.

Da mai hankali ne, da nan ya tsaya. Oga Zaka ya dawo gida ya ce ya gano matsalar: gashin jela ya yi tauri, na wuya ake so. Na wuya bai yi ba, ya ce na fiffike. Na fiffike bai yi ba, ya ce ai haɗawa ake yi, da na ƙirji da na cinya. Kullum ya taso daga aiki sai ka ji gidan ya ɗauki gulu-gulu da ƙarar faɗuwar kwanoni. Ƙudaje suka cika tire, suka cika kwalin takalmi, kifi ko na rantsuwa babu.

Da gorin teburin mai shayi ya ishe shi, wata yamma sai ga shi da ƙatuwar tarwaɗa yana lilo da ita a layi, yana gaida har waɗanda ba sa magana da shi.

"Ina mai cewa tana? Ga sayens!"

Nababa ya karɓa, ya juya ta, ya leƙa cikinta. "Ikon Allah. Oga Zaka, lallai kifin Abuja ya waye. Ka ga wannan har ta farke cikinta ta wanke, ta shiga firiza ta yi sanyi, sannan ta zo ta kama ƙugiyarka."

Mai shayi ya yi dariya har ya zuba madara a cikin kwanon ƙwai.

Ranar Asabar, ana gobe bikin godiya, waya ta yi ƙara. Angelina ce. Ta ce ƙafar tsohuwa da sauƙi, amma ba ta samu mota ba sai ta sassafe, don haka kai tsaye coci za ta wuce. Ya ɗauko mata ankonta na zumunta, ya kawo talotalo.

"Yana lafiya ko?"

"Lafiya ƙalau. Har ya fi jin iska yanzu."

Ya ajiye waya ya fita tsakar gida, karo na farko ya dubi talotalon da idon mai gani. Wayyo! Tsirara yake, fata ja-ja da tsigar sanyi, 'yan gashi uku sun rage a ƙeya. Ya rakuɓe jikin bango yana kallon Oga Zaka da ido ɗaya. In ba don yana numfashi ba, sai ka ce daga tukunyar ruwan zafi ya gudo. Oga Zaka ya san wannan ba tebur ba ne da za a ce dama ya tsufa. Wannan alkawarin da aka yi da hawaye ne, kuma ikkilisiya gaba ɗaya shaida ce.

Ya ruga wajen masu kaji ya tambayi kuɗin talotalo, aka faɗa masa, ya dawo da gudu fiye da yadda ya tafi. Sai dabara ta faɗo masa, irin dabarar da ba ta faɗo wa kowa sai shi. Ai gashin bai ɓata ba, yana nan a kwalin takalmi! Ya ɗauko tsohuwar singileti, ya huda wurin ƙafafu da fiffike, ya zauna ya ɗinke ƙudajen nan kaf a jikinta, manya a baya su zama jela, ƙanana a ƙirji.

Nababa ya leƙo ya tarar da shi. Ya ce, "To ko ƙugiyoyin ka datse mana."

"In datse? Ka san nawa na sayi kwalin? Ana gama biki zan san yadda na yi na zare singiletin, in koma tafki da kayana. Ba a asara biyu, Malam Nababa."

"Ni Musulmi ne," in ji Nababa, "amma wallahi gobe a bakin cocinku zan yi lodi."

Da safe Oga Zaka ya sa wa talotalo rigarsa, ya cusa shi a kwando ya rufe da zane, shi kuma ya ɗora kwat. Coci ya cika maƙil. Gaban bagade an tara doya da masara da buhunan shinkafa, ga akuya a ɗaure tana cin furen ado. Al'adar ita ce kowane gida a kira sunansa, su taso da rawa daga ƙofa su kai baikonsu gaba, bayan sujada kuma a yi gwanjon kayan, kuɗin ya shiga asusun ikkilisiya. Angelina ta iso a gajiye, ta ɗaura ankonta a bayan coci, ta miƙa hannu za ta ɗaga zanen kwando.

Ya janye. "Bar shi, yana barci."

"Talotalo? Da wannan kiɗan?"

"Ya kwana yana addu'a, Maman Joy. Ki bar shi."

Kafin ta ba shi amsa aka kira gidan Zacharias. Da yake kowa ya san labarin Joy, matan zumunta kaf suka miƙe don su raka ta, shugabarsu Mama Kindness a gaba, da ɗaurin ɗankwali mai hawa uku. Aka buga tulu, aka kaɗa caki, guɗa ta tashi. Oga Zaka ya rungume kwando yana rawa da sauri-sauri, nufinsa ya dire shi bayan buhunan shinkafa ya sulale. Saura taku kaɗan Angelina ta riƙo hannunsa, idonta cike da hawayen murna.

"Da hannuna na ce zan miƙa shi."

Ta fizge zanen.

Daga nesa, ka san, abin ya ɗan yi kama da talotalo, irin wanda ya yi hatsari a shagon tela. Ja, kore, ruwan ɗorawa, ko'ina yana ƙyallin jan farce. Angelina ta tsaya da zane a hannu. Mai tulu bai gani ba, ya ƙara wuta. Talotalo da ya sha wahalar duniya ya ga haske da taron mutane, ya yi kuka ɗaya ya daka tsalle ya faɗa tsakiyar matan zumunta.

"Yesu!"

Abin da ƙudajen Oga Zaka suka kasa yi a tafki, nan suka yi shi. Jela ta kama ɗankwalin Mama Kindness, ya taho har da gashin kantin da ke ƙarƙashinsa. Ƙirji ya kama zanen ma'ajiyar zumunta, ta riƙe da hannu biyu tana juyawa tana kiran sunan mijinta. Wata ta kai hannu ta cece ta, hannun rigarta ya maƙale, ta ja, ta uku ta biyo. Kafin ka ce me, mata biyar sun haɗe wuri ɗaya da talotalo a tsakiya, kowa na ja nata gefen. Baba Fasto ya sauko yana ɗaga hannu yana cewa, "Salama, salama, 'yan'uwa," sai wata ƙugiya ta cafki gefen doguwar rigarsa, shi ma ya shiga layi. Akuya ta tsinke igiya ta bi ta kan doya.

Oga Zaka na gefe yana ihu, "Kada ku ja! Za ku lanƙwasa ƙugiyoyin!"

Aka ja. Singileti ta ce kyaaat, ta rabu. Talotalo ya zame ya fita, ya hau matakalar bagade ya tsaya tsirara a gaban jama'a, yana karkarwa. Kiɗa ya mutu. Wani yaro a baya ya tambayi uwarsa da ƙarfi ko an riga an fara dafa shi ne.

Dariya ta fashe, amma ba ta daɗe ba, don an ga Angelina. Ta durƙusa a gaban tsuntsun tana shafa fatar bayansa, hawaye na zuba, ba na murna ba yanzu. Ta daɗe a haka. Sannan ta miƙe ta share fuska da bakin zane.

"Baba Fasto," ta ce, "ba haka na yi kiwonsa ba, kowa ya sani. Amma alkawari sai an cika. A fara gwanjo da shi yanzu. Mijina zai saya."

Dominic mai gwanjo, wanda dama ya daɗe da jin haushin surutun Oga Zaka, bai jira an ce masa sau biyu ba. Ya ɗauki makirfo. "Talotalo ɗaya, an rage wa mai saye aikin figa! Oga Zaka, nawa?"

Oga Zaka ya faɗi kuɗin kaza, a hankali.

Mama Kindness, hannu ɗaya dafe da kai, ta ninka. Angelina ta juyo ta dubi mijinta. Ya ƙara. Ma'ajiya, da tsagaggen zane, ta ɗora. Angelina ta dube shi. Ya ƙara. Duk macen da ƙugiya ta taɓa sai da ta tashi ta ɗora nata, ba don tana son tsuntsun ba, har matar Fasto ta sa baki saboda rigar mijinta. Aka wuce kuɗin talotalo mai gashi, aka wuce na biyu, aka shiga albashinsa na wata, aka fita ta ɗaya gefen. Gumi ya jiƙa kwat. Da Dominic ya buga tebur ya ce an sayar, muryar Oga Zaka ta koma kamar ta ɗan tsako.

Duk da haka bakin bai mutu ba. A bakin ƙofa, da talotalo a hammata, jama'a sun yi dafifi, Nababa na zaune kan bonet ɗin tasinsa yana share hawayen dariya, sai Oga Zaka ya gyara murya ya ce, "Amma dai ku lura, ko ƙuda ɗaya ban saya a shago ba."

Angelina ta tsaya. Ta dube shi daga sama har ƙasa, sannan ta dubi tsuntsun da ke ta ɓoye kai a ƙarƙashin fiffiken da babu komai a kansa.

"Tuɓe kwat ɗinka, Baban Joy."

"A nan? Don me?"

"Ka rufe shi. Shi yana jin kunya."